Wasiƙa daga Alƙahira: Sabilin Kasuwar Aƙƙadin

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayarka game da gidajen shan ruwan sadaka na wannan birni, waɗanda Misirawa ke kira sabil, tun da ka ce ku ma kuna shawarar samar wa 'yan kasuwarku wurin shan ruwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai yana kan titin Mu'izz, a kasuwar Aƙƙadin, kusa da ƙofar Bab Zuwaila. Muhammad Ali Pasha, mai mulkin Masar, shi ya gina shi a shekarar 1820 domin ladan ya kai ga ɗansa Tusun, wanda annoba ta ɗauke a 1816 yana cikin ƙuruciyarsa. Fuskar ginin ta farin marmara ce, ta lanƙwaso zuwa cikin titi, da tagogi masu ragar tagulla, kuma ta waɗannan tagogi ne ɗan dako da fatake da mai talla suke miƙa hannu su ɗauki moɗa su sha, ba a tambayar kowa daga ina ya fito.

Amma ainihin aikin yana ƙarƙashin ƙasa. Akwai wata matattarar ruwa mai zurfin kimanin mita 9, wadda ke ɗaukar lita 455,000, kuma a yau ana barin baƙo ya sauka cikinta ta wata matsattsiyar matakala. Da ka isa ƙasa, hayaniyar kasuwa sai ta ɗauke, sanyi ya ratsa ka, ka ga bangon da aka yi wa daɓe mai santsi domin kada ko ɗigo ya tsiyaye. A wancan zamani babu famfo, kuma kogin Nilu yana da 'yar tazara daga tsakiyar birni, saboda haka a yawancin sabil masu ga-ruwa ne suke ɗebo ruwa a cikin salka, su ɗora wa raƙuma da jakuna, su yi ta jigila har matattarar ta cika, galibi a lokacin da kogin ya kawo, ruwan da za a sha har zagayowar shekara.

Nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. Masu gina sabil a Masar ba sa tsayawa ga gini kawai, sai sun haɗa shi da waƙafi, wato shaguna ko gidaje ko gonaki waɗanda kuɗin hayarsu zai riƙa biyan masu ɗebo ruwa, da mai wanke matattara, da ma'aikacin da ke tsaye bayan taga yana cika kwatarniya yana tsabtace moɗa. A ganina wannan tanadi ya fi marmara da adon tagulla daraja, domin shi ne ya sa ruwa bai yanke ba bayan mai sadakar ya kwanta dama. Sau da yawa kuma sukan ɗora makarantar allo a saman bene domin marayu, kamar yadda Abdurrahman Katkhuda ya yi a nasa sabilin na 1744 a kan wannan titi.

Da aka fara jan ruwan famfo a Alƙahira a zamanin mai mulkin Masar Khedive Isma'il, sai buƙatar sabil ta ragu. Na Aƙƙadin ya daɗe a rufe yana tsattsagewa, har aka gyara shi aka buɗe wa masu ziyara. Ba a shan ruwa a cikinsa yanzu, amma al'adar tana nan, domin a bakin shaguna da yawa za ka ga tulunan ƙasa ko na'urar sanyaya ruwa an ajiye wa masu wucewa, tamkar randar da iyayenmu ke girkewa a ƙofar gida.

Shawarata ita ce, kafin ku haƙa rijiyar burtsatse, ku fara ware rumfa ɗaya ko biyu waɗanda hayarsu za ta riƙa ɗaukar nauyin gyara da albashin mai kula, a rubuta a gaban shaidu.

Ka gaida mini Baba da Inna, da dukan 'yan'uwa. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini,
daga Alƙahira