Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, larurar mahaifina ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekara biyu ke nan da ya fara mantuwa. Ya idar da sallah ya tambaya ko an yi, ya je Kasuwar Barci ya rasa abin da ya kai shi. Muka ce rikicin tsufa ne, gwaggonmu ta ce a nemo rubutu. Bai taɓa faɗuwa ba, baki bai karkace ba, ɓarin jiki bai shanye ba. Sai da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa likita ya nuna mana ƙananan tabo nan da can, wuraren da jini ya yanke ba wanda ya sani. Ya ce daga zuciya abin ya faro: hawan jini na shekaru ya kaurara ta, ga bugunta ba ya tafiya daidai.

Ranka ya daɗe, ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa. In zuciya ta fara sanyi, ko mutum na jin garau, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne ke fara ji a jikinsu. In kuma bugun ya rikice, jini kan daskare a cikin zuciyar, gudan ya ɓalle ya je ya toshe wata jijiya a kai. Irin wannan rikicewar bugu tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Masu bincike a Rotterdam ta ƙasar Holan sun ga alamar lalacewar ƙwaƙwalwa a mutanen da zuciyarsu ta fara gajiya tun ba su fara kukan ciwo ba.

Ba roƙon na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa nake yi ba. Mutumin Giwa ko Kauru ba zai je asibitin Shika ko na Barau Dikko don kawai ya manta inda ya ajiye hularsa ba. Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma an ɗora tsarin asibitin matakin farko a kan kowace. A umarci ma'aikatansu su yi awon hawan jini ga duk wanda ya haura shekara 40, ko zazzaɓi ne ya kawo shi, su kuma riƙe hannunsa minti ɗaya su ji bugun. Wanda awonsa ya tsaya a 140/90 ko sama, a rubuta sunansa, a bi shi.

Sai magani. Mutanenmu kan sha na wata ɗaya, su ji sauƙi ko kuɗi su ƙare, su ajiye. A tabbatar maganin hawan jini bai yanke ba a ƙarƙashin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, a kuma roƙi limamai da fastoci su faɗa wa jama'a cewa ba a daina shi don an ji sauƙi.

Baba yana shan nasa yanzu. Likita ya ce tabon da ya riga ya fito ba ya gogewa, sababbi muke tarewa.

Allah ya taimaki Gwamna.

Naka,
Wani ɗan Tudun Wada, Kaduna