A shirya wa dattawa gasar sunuka a Kaduna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wasan da mutane da yawa ke yi wa kallon banza, alhali ni na san amfaninsa.

Ni ɗan fansho ne, shekarata sittin da huɗu, kuma na fara riƙe sandar sunuka tun ina aikin masaƙa a Kakuri. In an tashi daga aiki mukan buga wasa biyu ko uku kafin kowa ya kama hanyar gida. Masaƙu sun rufe, abokai sun watse, teburan da ke unguwanni kuma suka koma hannun samari. Yau idan mai furfura ya tsaya a bakin tebur a Tudun Wada ko Kawo, sai a ɗauka caca ta kawo shi. Wannan yana min ciwo, domin kaɗan ne wasannin da mai ciwon gwiwa ko hawan jini zai iya yi ba tare da ya wahalar da jikinsa ba. Zagaya tebur kake yi a hankali, ido yana auna nisa, ƙwaƙwalwa tana lissafi, kuma kana cikin mutane maimakon zaman gida kai da rediyo.

Shekaru ba sa hana ƙwarewa a wannan wasa. Ronnie O'Sullivan ya ci kofin duniya karo na bakwai a 2022 yana da shekara 46, Mark Williams kuma ya kai wasan ƙarshe a 2025 yana da 50. A Ingila ma dattawa suna da tasu gasar duniya daban, wadda Jimmy White ya lashe a 2023 a birnin Shafil yana da shekara 61. Me zai hana mu yi tamu, daidai ƙarfinmu?

Abin da muke kira sunuka a bakin titi, yawancinsa ful ne: ƙaramin tebur, ƙwallaye bakwai-bakwai, baƙa mai lamba 8 ta zo ƙarshe. Ainihin sunuka teburinsa ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, da jajayen ƙwallaye 15 da masu launi 6. Irin wannan tebur ba ko'ina ake samunsa ba, don haka a fara da ful ɗin da muke da shi a hannu, in abu ya kankama a ƙara.

Inda za a fi yin hattara shi ne maganar kuɗi. Kamar yadda muka ji daga malamanmu, idan 'yan wasa suka tara kuɗi wanda ya ci ya kwashe, an shiga caca ko da an sauya mata suna. Saboda haka kuɗin shiga ya tsaya a hayar tebur da alli da ruwan sha, a rubuta shi a fili kowa ya gani. Kyauta kuwa ta fito daga wani na gefe da ba ya cikin wasan, ɗan kasuwa ne ko ƙungiyar unguwa, ko da turmin shadda ce da ɗan ƙaramin kofi. Wanda aka kama yana cin fare a gefen tebur, ɗan wasa ne ko ɗan kallo, a sallame shi nan take. In ba a yi haka ba, babu dattijon kirki da iyalinsa za su bari ya zo, kuma suna da gaskiya.

A raba masu shekara 50 zuwa 59 da waɗanda suka haura 60. Kada a yi tsarin da ana cinye ka sau ɗaya ka tafi gida. Bai kamata mutum ya taso tun daga Rigasa ya buga wasan minti goma ya juya ba. A yi rukuni na mutum huɗu, kowa ya kara da kowa. Wanda ya daɗe bai riƙe sanda ba a rage masa ƙwallo ɗaya ko biyu, don kada gwanaye su kashe masa gwiwa tun ranar farko. Lokaci kuma safiyar Asabar, a tashi kafin azahar, a wuri mai haske da kujeru, domin idanunmu ba kamar da ba ne. Alƙalanci a ba samarin nan da suka iya wasan. Za su ji an girmama su, mu kuma za su daina yi mana kallon baƙi.

Mu shida ne a majalisarmu muka shirya, kuma wani mai tebur biyu a unguwarmu ya yarda ya ba mu safiyar Asabar. Muna neman dattawan Barnawa, Unguwar Rimi, Badarawa da Kabala su fito da nasu. Kai kuma Malam Edita, ranar da muka sa rana, don Allah ka turo mana wakilinka na wasanni.

Naka,
Wani ɗan fansho,
Tudun Wada, Kaduna.