Abin da ya sa na ce “na sani”

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki da Umma da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.

Na san akwai abin da ya tsaya miki a rai tun safiyar da kika kira ni. Kina kuka kika ce Baba ya rasu, ni kuma na ce “na sani.” Kika yi shiru, har yau ba ki tambaye ni ba. Na gwada yi miki bayani a waya sau biyu, bakina ya ƙi, shi ya sa na rubuto.

Daren Lahadi ne, wayewar Litinin, ina aikin dare a sito. Kin san Jamus a watan Disamba, ƙarfe 4 da rabi na yamma duhu ya shiga, mutum ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu. Wajen ƙarfe 3 aka ba mu hutu, na zauna kan benci da kofin shayi, ban ko cire safar hannu ba. Sai na ji an kira ni ta bayan kunnena na dama, da sunan nan da Kaka kaɗai take kirana da shi. Aka ce: “Ka kira mahaifinka, saura kwana uku.” Da Hausa, Yaya. A duk sitonmu babu mai jin Hausa sai ni. Na waiga, ba kowa, sai wani ɗan Romaniya can nesa yana danna waya. Muryar ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba, babu kuma tsawa a cikinta. Kamar dai a ce da kai ka rufe ƙofa.

Gari na wayewa na kira Baba, ke ce ma kika miƙa masa wayar. Lafiyarsa ƙalau, yana ta mitar rediyonsa da ta lalace, yana tambayata yaushe zan yi aure. Na ce Baba ka yafe mini. Ya yi dariya ya ce, “Me kuma ka ɓata?” Na ce ba komai. Ya ce, “To na yafe maka duniya da lahira, ka riƙa sa rigar sanyi.”

Ranar na sami limaminmu bayan azahar. Ya ce gaibu na Allah ne Shi kaɗai, ya karanta mini aya ta 34 a Suratu Luƙman, cewa babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Amma bai ƙaryata ni ba. Ya ce Larabawa suna kiran irin wannan murya hatif, ya tuna mini Annabi Yaƙuba da ya ji ƙanshin Yusuf tun ayari na barin Masar. Ya ce in ɗauke shi kamar mummunan mafarki: in yi a’uziyya, in yi tofi sau uku ta hagu, kada in faɗa wa kowa. Wani ɗan’uwa mai aikin jinya kuma ya ce likitoci sun san abin, mutum tsakanin barci da farke yakan ji an kira sunansa, musamman mai aikin dare da barci bai ishe shi ba. Gaskiya ce, satin nan ban yi barcin kirki ba, kuma hawan jinin Baba ya daɗe a raina. Na karɓi maganarsa hannu biyu, don ita ce mai sauƙi.

Alhamis ta zo ta wuce, kwana uku sun cika, ba abin da ya faru. Na yi wa kaina dariya. Na tashi daga aiki da asubar Juma’a, na kashe ƙarar waya, karon farko a satin, na kwanta. Da na farka na tarar da kiranki tara.

Kwana huɗu ke nan, ba uku ba. Na ƙirga ta kowace fuska, daga dare, daga asuba, lissafin bai fita ba. Zuwa gida dama ba zai yiwu ba, takarduna suna wajen sabuntawa. Abin da ke hana ni barci ɗaya ne: da na ce miki ku kai shi a auna jininsa, da kin kai shi ba tare da tambaya ba. Na san ajali ba ya ƙara sa’a. Duk da haka ban faɗa ba, don ina jin kunyar a ce wane ya fara jin muryoyi a Turai.

Batun gaya wa Umma na bar miki, ke kika fi sanin halin da take ciki. Ki ajiye mini carbinsa, da rediyon, ko a lalacen. Kuma in kin tuna, ki faɗa mini abin da ya ce da ya miƙo miki wayar ranar Litinin. Na ji ya soma magana kafin layin ya katse.

Naki,
ƙaninki.