Zuwa Ga Kwamishinan Noma Na Jihar Kaduna: Wa Ke Auna Abin Da Noman Rani Ke Yi Wa Yanayinmu?

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Duk rani sai mun ji an yi taro ana cewa za a faɗaɗa noman rani, a raba injin ban ruwa a ɗau hoto a watse. Madalla, ba wanda ke ƙin tumatur da albasa da alkama. Amma dan Allah wa kuka sa ya riƙa auna abin da ruwan nan ke yi wa iskar da muke shaƙa?

Kai ka fi ni sani, in aka jiƙa fili mai faɗi a watan Maris ruwan ba ya zama a ƙasa, tashi yake ya zama tururi, zafin rana ya ɗan sauka amma iska ta cika da danshi, gumi ya ƙi bushewa a jikin mai aiki, dare kuma ya ƙi hucewa, ga sauro ya samu wajen hayayyafa tun damina ba ta zo ba. A arewacin Indiya masana sun auna wannan sun gani. Mu fa? Dam ɗin Galma na Kubau, na Kangimi na Igabi, fadamun Zariya an cika su da tubwel (rijiyoyin bututu na ban ruwa), shin akwai ma'aunin zafi da danshi ko na ruwan ƙarƙashin ƙasa da manomi zai je ya duba? Ko sai rijiyoyi sun ƙafe tukuna a kafa kwamiti, tunda a nan kam ba a barmu a baya ba.

Tarayyar Sobiyet ta karkatar da koguna biyu don noman auduga tun shekarun 1960, tafkin Aral da suke zuba a ciki ya kusan ƙafewa, bazararsu ta ƙara zafi, sanyinsu ya ƙara tsanani, iska na kwasar gishiri tana watsawa gonaki. Kusa da mu ma a tambayi mutanen Haɗejia da Nguru yadda fadamarsu ta koma bayan an gina dam ɗin Tiga a 1974.

Ba cewa nake a daina ban ruwa ba wallahi. Cibiyar binciken noma ta IAR na nan Samaru, hukumar hasashen yanayi ta NiMet na nan, a zauna da su a kafa tashoshin awo a Galma da Kangimi, a riƙa karanta sakamakon da Hausa a rediyo, malaman gona su koya wa mutane ban ruwa da asuba ko yamma maimakon malala shi da tsakar rana. Maganar tsadar fetur da taki kuma sai wani jiƙon.

Muna jiran amsa kafin a raba injinan bana.