Taurin kuloci a tsofaffin motoci yana da magani

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana direbobi da makanikai na Gadarif da Sinnar da Mai Wurno, inda har yau tsofaffin Hilux da Land Cruiser da Land Rover ne ke kwaso riɗi da dawa daga gona zuwa kasuwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kayan gyara suka yi tsada, kowa ya rungumi motar da ke hannunsa, kuma kukan da na fi ji daga dattawanmu shi ne taurin kuloci, wanda ke sa mutum ya sauko daga mota da yamma yana dafe da gwiwarsa ta hagu. Abin da ke ci mini rai shi ne amsar da ake ba su a gareji, wai haka tsohuwar mota take, sai haƙuri. Ba haka aka ƙera ta ba, akwai abin da ya lalace.

Ya kamata a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ƙurar guguwar haɓub da taɓon baƙar ƙasarmu na damina suna shiga ƙusar da fedar ke lilo a kanta, su busar da giris har wurin ya riƙa ƙara idan an taka. Idan motar mai kulocin da waya ke ja ce, kamar tsohuwar Volkswagen, a zare wayar a duba, domin sili ɗaya da ya tsinke a cikin kubenta ya isa ya wahalar da ƙafa. Idan kuma mai aiki da man birki ce, kamar Land Rover Series III da aka yi daga 1971 zuwa 1985, a duba tiyon roba, wanda kan kumbura ta ciki ya toshe hanyar mai alhali daga waje lafiyarsa ƙalau, sannan a zubar da tsohon man a sa sabo irin wanda littafin motar ya ambata.

In duk wannan bai yi ba, to sai an sauke akwatin giya. Mutane da yawa ba su san cewa kulocin da ke da sifirin mai kama da faifai yana ƙara tauri ne gwargwadon yadda filet ɗinsa ke cinyewa ba, saboda yatsun sifirin ɗin suna tasowa, ƙarfin da ake buƙata kafin a danne su kuma ya ƙaru. Wato taurin nan sanarwa ce cewa filet ya kusa ƙarewa. Tunda an riga an buɗe, a goge ƙarfen da ke tura boris, wato abin da ke danna yatsun sifirin, da bututun da boris ɗin ke zamewa a kai, a shafa giris kaɗan mai jure zafi, kada ya yi yawan da zai fantsama kan filet. A kuma yi hattara da masu tallar kuloci mai ƙarfi na manyan kaya; motar da injinta bai canza ba ba ta buƙatarsa, gwiwar direba ce kawai za ta biya kuɗin.

Akwai masu sauya masta ta sama, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa kuloci, da wadda ta fi ta ƙanƙanta, kuma dabarar tana da tushe. Idan aka sauko daga mai faɗin milimita 19 zuwa mai kusan 16, nauyin taku zai ragu da kimanin kashi 30 cikin 100, amma man da take turawa shi ma zai ragu da haka, don haka idan fedar ba ta da sauran tazara, kulocin ba zai saki sosai ba, giya ta riƙa gurzawa, musamman ta baya. Ina roƙon makanikai su auna tafiyar ƙarfen masta ta ƙasa, mai tura kulocin, kafin su sallami mai mota.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne yanke feda a ƙara mata tsawo da walda a bakin hanya, domin ranar da waldar ta balle da lodi a kan hanyar Kassala, rai ake magana. Dattijon da ƙafarsa ta gaza bayan an gyara komai, gara a nema masa na'urar taimako mai aiki da zuƙar iska, irin wadda wasu Land Cruiser da Nissan Patrol suka zo da ita daga kamfani, a wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, a kuma ba wanda ya san aikin ya ɗaura.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Gadarif, Sudan