Skinner bai ce a daki yara ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bin shirinku na harkokin ilimi, kuma maganar wani baƙonku ta makon jiya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Cewa ya yi wai masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar yaro ba ya gyaruwa sai da bulala, har ya kafa hujja da B. F. Skinner. Ni malamar firamare ce, kuma kamar sauran waɗanda suka bi ta kwalejin ilimi, an karantar da ni mazhabar da Skinner yake ciki, wato behaviorism, mai nazarin halin da ake gani a zahiri. Wallahi an yi wa mutumin nan ƙage.

A 1913 John Watson na Amurka ya ce masana su daina hasashen abin da ke cikin zuciya, tunda ba a ganinsa, su koma kan abin da mutum ko dabba ke aikatawa a zahiri da abin da ke jawo shi. Daga baya ya dogara da aikin Ivan Pavlov na Rasha, wanda karnukansa suka koyi dalalar da yawu da zarar sun ji ƙarar da ta saba zuwa kafin abinci. Skinner ya ɗora a kai da beraye cikin akwati: bera ya danna ɗan ƙarfe, abinci ya faɗo, sai ya yi ta dannawa. Wato abin da ya biyo bayan aiki shi ke sa a maimaita shi.

To horo, wato hukunci, fa? Skinner ya gwada, sakamakon kuma yana cikin littafinsa na 1938. Ya tsayar da abincin, ya sa ƙarfen yana marin ƙafar wasu berayen in sun danna, na ɗan lokaci kaɗan. Sun rage dannawa, gaskiya ne. Amma da aka daina marin sai suka dawo, a ƙarshe yawan dannawarsu ya kusa daidai da na waɗanda ba a taɓa ba. Abin da ya fahimta shi ne horo danne hali yake yi na ɗan lokaci, ba ya koya wa kowa abin da ya kamata ya yi. Kowace malama ta san wannan: ajin da bulala ta yi wa shiru, fita kawai za ki yi ya kaure da hayaniya.

Akwai abin da ya fi damuna. A 1920 Watson da Rosalie Rayner sun sa wa wani jariri tsoron farin bera, ta hanyar buga ƙarfe a bayansa duk lokacin da ya kai masa hannu. Aikin rashin tausayi ne, yau ba za a yarda da shi ba. Tsoron kuma bai tsaya kan bera ba, har zomo ya shafa. Yaron da ake zane wa jiki a kan jadawalin sau, haka yake haɗa lissafin da malamin da ita kanta makarantar ya ji tsoronsu duka.

Ba ina cewa mazhabar ta gama magana ba. Tun 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya nuna lada kaɗai ba zai bayyana yadda yaro ke ƙirƙiro jimlar da bai taɓa ji ba, kuma ina tare da shi. Amma abin da ta ba mu na aji yana aiki: a raba darasi gutsi-gutsi, a yaba nan take ba sai ƙarshen zango ba, a faɗi takamaiman abin da aka yaba. "Madalla, yau ka rubuta layi uku ba kuskure" ba ta cin ko sisi.

Na san aji mai cunkoso yana ƙure haƙurin malami, ga albashi ba ya isa. Wanda zai kare bulala ya kawo wannan uzurin mu tattauna, amma ya cire sunan Skinner a ciki. Ina roƙon ku karanta wannan gyara a shiri na gaba, don iyaye da yawa sun ji waccan magana.

Wassalam,
Wata malamar firamare, Zariya