Amsa ga Mai Tambaya: Neagu Ba Ta Ci Zinare Ba, Amma Ina Nan Kan Bakata

Assalamu alaikum Malam,

A shirin wasanni na ranar Asabar ka bugo waya ka tambaye ni a gaban masu sauraro: ta yaya zan ce Cristina Neagu ce mace mafi iya ƙwallon hannu da na taɓa gani, alhali ba ta taɓa ciyo wa ƙasarta Romaniya zinare a babbar gasa ba? Lokaci ya ƙure mana kafin in buɗe baki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko, gaskiyarka. Tagulla biyu ne abin da ta samu da babbar tawagar ƙasarta: ɗaya a gasar Turai ta 2010, ɗaya a gasar duniya ta 2015. Ta je Olamfik a 2008 da 2016, ta dawo hannu rabbana. Kofin zakarun Turai ma sau ɗaya ta ɗaga shi, a 2015, lokacin da ƙungiyarta Budućnost ta ƙasar Montenegro ta doke Larvik ta Norwe 26 da 22 a Budapest. Shekara takwas ta yi a ƙungiyar CSM București ta Romaniya, daga 2017 har ta yi ritaya a 2025, kofin nan bai sake zuwa hannunta ba. In lambobi za a zube a tabarma a ƙirga, Katrine Lunde, gola 'yar Norwe mai zinaren Olamfik uku, ta yi mata fintinkau.

Sai dai Malam, mutum bakwai ne ke shiga fili, wasu kuma na benci suna jiran canji. Norwe in ta fitar da gwana, wata gwanar ce ke shigowa. Romaniya ta lokacin Neagu ba ta da wannan wadatar. Kowace abokiyar karawa ta san daga inda ƙwallo za ta fito: daga hagu, bayan layin mita tara, hannun mai lamba 8. Mutum biyu suke sa mata, a riƙe riga, a danne hannu, duk da haka ta ci. A gasar 2015 a Denmak ta zura ƙwallo 63, ta fi kowa, kuma ita aka zaɓa gwarzuwar gasar. 'Yan Romaniya sun fitar da Brazil mai riƙe da kofi, suka fitar da masu masaukin baƙi a gaban jama'arsu, Norwe ma sai da aka je ƙarin lokaci kafin ta tsallake su a wasan kusa da na ƙarshe.

Amma ba wannan ne ya fi kama zuciyata ba. Jikinta ne.

Ni na yi wasan nan tun ina sakandare, yanzu kuma ina koya wa 'yan mata a filin siminti. Na san yadda kafaɗa take yi in ta gaji da jifa. Akwai daren da ba a iya kwanciya a ɓarin dama, da safe ɗaura ɗankwali ma sai an cije leɓe. To Neagu tana da shekara 22 aka naɗa ta gwarzuwar duniya ta 2010, sai kafaɗar da take jifa da ita ta lalace. Aka yi tiyata, ta yi kusan shekara biyu ba ta taka fili ba. Ta dawo ke nan, a farkon 2013, jijiyar gwiwa ta tsinke. Mai wasan baya, wato mai jifa daga nesa irin Neagu, ba ta da jari sai abu biyu, ƙafar tashi sama da hannun jifa, kuma duka biyun aka taɓa mata. Da yawa a nan labarinsu ke ƙarewa. Ita bayan wannan ne ta sake zama gwarzuwar duniya a 2015 da 2016 da 2018. Sau huɗu ke nan, abin da babu wanda ya riga ta yi, mace ko namiji.

A Disambar 2018 a gasar Turai a Faransa, ana wasa da Hangari, jijiyar gwiwa ta sake tsinke mata. Na kalli wasan a waya, ɗalibaina uku sun kewaye ni. Da aka fitar da ita tana kuka, ƙaramar cikinsu ta ce, "Malama, shi ke nan ta gama ko?" Na ce mata ina jin haka. Ashe ban san ta ba. Romaniya ta shiga wasan kusa da na ƙarshe babu ita, ta ƙare a ta huɗu. Ita kuwa ta yi jinya ta dawo, har ta zama wadda ta fi kowa zura ƙwallo a tarihin gasar Turai, ta kuma haura ƙwallo dubu a kofin zakarun Turai.

Abin da nake nuna wa yarana a bidiyonta ba ƙarfin jifa ba ne kawai. Ku dubi idonta, nake ce musu. Tana sama, masu tsaro biyu sun taso mata, sai ta sauke ƙwallon a hannun 'yar layi, wato abokiyar wasanta da ke tsaye a bakin da'irar gola, wadda babu wanda ya lura da ita. Wannan basira ce da ba a rataya mata lamba a wuya.

Don haka ban janye ba, Malam. In ka sake bugowa ranar Asabar, ka zo da sunan taka gwanar, mu ɗora su wasa bayan wasa.

Wassalam,
Mai horar da 'yan mata ƙwallon hannu